Idan fanka ta fara ƙugi, kashe ta tukuna

Yau ba zancen girki ko tarbiyya na zo da shi ba, zancen fanka ne, kuma asarar da ƙanwata ta yi a Safana ce ta jawo shi.

A tsakiyar zafin watan Afrilu, ga jariri a hannu, ta kunna fankar sama da daddare. Fankar ta yi ta ƙugi amma ba ta juya ba. Ta ce wuta ce ba ƙarfi, bari ta bar ta a kunne, in wutar ta cika za ta tashi. Da asuba sai ƙauri ya tashe ta. Aka kwance fankar aka aika Dutsin-Ma wurin mai naɗin koyil. Da ya buɗe sai ya aiko mata: "Hajiya, ai da kin kashe ta tun farko, kwandensa kaɗai za a canza." Abin da bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba ya koma kuɗin naɗi da na mota, ga kwanaki ana yi wa jariri fifita.

Fanka, blanda, keken ɗinki na lantarki da injin jawo ruwa duk abu guda ke juya su, wanda masu gyara ke kira moto. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe, an shafe ta da wani abu da ke hana wayoyin haɗuwa. Idan moto na shan wuta bai juya ba, ƙarfin wutar zafi yake zama, ga shi babu iskar da za ta sanyaya shi. Zafin ya cinye shafen, wayoyi su haɗu, shi ne ake cewa koyil ya ƙone. To ƙa'ida ta farko ke nan: duk abin da ya yi ƙugi bai juya ba, a kashe shi nan take.

Bayan kin kashe kin zare filogi, juya fuka-fukan da hannu. Idan kin ji tauri ko ƙarar goga, ƙura ce ta cushe ko boris ya bushe. Mu nan Batsari mun san irin ƙurar da hunturu ke bari a ɗaki. A share, a ɗiga man keken ɗinki a jikin sandar fankar tsaye. Kada a sa man gyaɗa ko manja, don suna daskarewa su kama ƙura.

Idan kuwa tana juyawa sumul, sa babba ya kunna ya ɗan tura fiffike da busasshiyar sanda. In ta ɗauka ta ci gaba, kwandensa ce ta mutu, wato ɗan ƙaramin akwatin da ke ba moto turin farko. Ita ce kuma ke sa fanka ta koma juyin sanyin jiki ko an kai ta lambar ƙarshe. Akwai lamba a jikinta, ta fankar sama galibi 2.5 ce, a sayi mai irin lambar. Amma mai gyara ne zai canza, domin tana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Dubi kuma ƙwan fitila. Kayanmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. In ƙwai ya yi ja ya dusashe, wutar ba ta cika ba, kuma irinta ta fi kashe firji da injin ruwa. Haka in an ɗora wa ƙaramin janareta ko sola kayan da suka fi ƙarfinsu. A kashe su, a jira.

Blanda da keken ɗinki kuwa suna da 'yan gawayi biyu a ciki da ke lalacewa da amfani. Alamarsu tartsatsi da tsayawa ana cikin aiki, canza su kuma ba tsada. Kada a cika wa blanda wake ba ruwa, a riƙa hutar da ita. Injin ruwa kuma kada a bar shi yana aiki rijiya ta ƙafe, musamman a bazara.

In har kin ji ƙauri, ko jikin abin ya fizge ki, aikin ya wuce gida. Kada a sake kunnawa "a gwada", kada yara su taɓa, kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu.

Yadda hanyoyinmu suke yanzu, ba kowace tafiya ce uwa za ta so ɗanta ya yi saboda fanka ba. Ki koya wa kowa a gida, har 'yar autarki, cewa in aka ji ƙugi a ruga a kashe. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.