An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A bakin layinmu akwai wani ɗan shago mai allon talabijin biyu da benci ɗaya da ƙaramin janareta. Da an sauko daga sallar la'asar yara kan cika shi maƙil, kowa ya miƙa 'yan kuɗinsa a ba shi minti goma ya buga ƙwallo ko ya yi harbi a kan allo. Taku kaɗan daga nan dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarmarsu, kuma da wuya a tashi hira ba a tsine wa shagon nan ba. A wurinsu nan ne makarantar ta'addanci, nan yaro ke koyon zubar da jini, daga nan kuma lalacewar zamani ta ɓullo. Ina girmama furfura, na kuma yarda cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma a wannan magana ina ganin dattawanmu sun bar jaki suna dukan taiki. Idan ana neman inda aka mayar da ran ɗan Adam abin wasa, da inda aka toshe wa 'ya'yan talakawa ƙofar ilimin zamani, to sai a ɗaga kai a duba sama da wannan benci.

Bari in fara da amincewa da gaskiyar da ke bakinsu, domin mai ƙin gaskiyar abokin gardamarsa bai cancanci a saurari tasa ba. Wasan bidiyo yana cin lokaci, yana sa yaro jinkirta salla, yana raba shi da littafi, wani ma har ya kai ga zare kuɗin cefane don ya je ya buga. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta shigar da jarabar wasan cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019. Duk wannan haka yake. Sai dai maganinsa sananne ne tun kaka da kakanni: uba ya san inda ɗansa yake, uwa ta ƙayyade masa lokaci, mai shago ya rufe idan an kira salla ko an kaɗa ƙararrawar makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarawar aikin gida ce.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce daga allon nan kisa ya samo tushe. Yaran Hausa ba yau suka fara wasan yaƙi ba. Waɗannan dattawa da ke zagi su ne suka yi langa a dandali har aka gurje gwiwa, su ne suka harbi ƙadangare da danƙo, suka sassaƙa bindigar kara suka raba kansu runduna biyu. Dara kanta dabarun mamaya da cin abokin gaba take koyarwa, hawan salla kuwa nunin ƙarfin mayaƙan sarki ne da takobi da mashi da sulke. Babu wanda ya taɓa cewa langa ce ta haifi ɗan fashi. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, mafi yawansu sun taso ne a dazuzzukan da ko turken wutar lantarki babu, balle PlayStation. Satar shanu da rikicin gona da burtali da rashin adalcin masu shari'a da makaman da suka kwararo yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, su ne suka yi renon wannan masifa. Ɗora ta a kan yaron da ke danna madanni neman sauƙi ne kawai, domin yaro ba ya iya mayar da martani.

Lokacin da muke tsinuwa, rundunonin manyan ƙasashe wani kallo daban suke yi wa wasan. A 2002 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fitar da wasanta na kanta mai suna America's Army, ta raba shi kyauta, don jawo matasa su shiga aikin soja, kuma ta ci gaba da tafiyar da shi har shekara ashirin. A 2018 sojan ruwan ƙasar suka ƙaddamar da wani jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku wanda ake juya na'urar leƙensa da abin sarrafa wasan Xbox, saboda ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma matasan sojoji sun riga sun saba da shi tun suna gida. A yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022, ƙananan jirage marasa matuƙa sun zama makamin yau da kullum, ana tuƙa su da irin wannan madanni da irin wannan yatsa. Nan kusa da mu, a Agadas, Amurka ta gina sansanin irin waɗannan jirage, ta yi ta shawagi da su a sararin Sahel har zuwa 2024 da hukumomin Nijar suka sallame ta.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, saurin ido da yatsa da fahimtar taswira da yaron shagonmu ke samu, haja ce da ake saye da tsada a wasu wurare. Na biyu ya fi nauyi: haɗarin gaskiya yana wurin babban da ke zaune a ɗaki mai sanyi, yana kallon mutane a allo kamar tururuwa, ba ya jin kukansu, ba ya ganin fuskarsu, kuma yana da ikon danna abin da zai hallaka su.

Mun ga wannan da idonmu. A daren 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna suna taron Mauludi, sai jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sako musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce da jama'a suka taru don kwasar gawawwaki da masu rauni, sai aka sake sako wani. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty kuwa ta ce adadin ya haura 120, da yawansu mata da ƙananan yara. Rundunar ta amsa cewa ita ce, ta ce kuskure ne, ta ba da haƙuri. Kafin nan, a 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya yi wa sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno ruwan wuta, ya kashe mutane masu ɗimbin yawa har da ma'aikatan agaji. Yaron da ya harbi wanda bai kamata ba a cikin wasa, nan take allo ke hukunta shi, a rage masa maki ko a mayar da shi farko. A Tudun Biri babu madannin da za a danna matattu su tashi. To, wane ne a cikinmu ya karanta cikakken rahoton binciken? Wane dattijo ne a majalisar layinmu ya yi wa wannan lamari kwatankwacin faɗan da yake yi wa mai shago?

Ba ina cewa a jingine waɗannan jirage ba ne. Ƙasar da 'yan bindiga ke kwashe ɗalibai daga makarantunsu tana bukatar ido a sama. Amma na'ura ba ta san bambancin taron Mauludi da gungun 'yan fashi ba, sai mutum ya gaya mata, shi kuma mutumin sai ya sami labari daga ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. A nan ne wayar da ke aljihun manomi ta zama makamin tsaro, domin da ita zai sanar cewa ga baƙin babura sun ratsa ta gonarsa, ko ga taron biki za a yi a ƙauyensu daren yau. Duk da haka, a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, aka kuma bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da niyyar karya lagon 'yan bindiga. Makonni suka shuɗe talaka ba ya iya kiran ɗan'uwansa ko jami'in tsaro, ɗan kasuwa ba ya iya tura kuɗi, 'yan bindigar kuwa har yau suna nan.

Ga kuma batun saye maimakon ƙerawa. Jiragen da muke tinƙaho da su daga Sin da Turkiyya muke sayo su da kuɗin waje. Ita Turkiyyar da Amurka ta hana ta irin wannan makami sai ta koma ga injiniyoyinta, jirginta Bayraktar TB2 ya fara tashi a 2014, yau ga shi ƙasashen Afirka suna layin sayensa. Mu ma mun taɓa ɗaura niyya: a Kaduna aka ƙaddamar da jirgin leƙen asiri mai suna Gulma a 2013, aka biyo da Tsegumi a 2018. Tun a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara, kuma masu ƙera na gobe suna cikin yaran da muke kora daga gaban allo yau.

Yaya ɗan talaka zai tashi daga mai buga wasa ya zama mai ƙirƙira shi, ko mai rubuta umarnin da ke tuƙa jirgi? Hanyar ita ce intanet, inda darussa suke kyauta, amma ƙofar shiga ta kuɗi ce. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da saƙo da data, bayan su sun nemi a ninka. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Kamfanonin suna da hujja: rabon da a sake musu farashi tun 2013, darajar naira ta faɗi, da man dizal suke kunna dubban turakunsu, ana yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ana kuma tatsar su haraji hawa-hawa. Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Tambayata ita ce, me ya sa kowace gazawar gwamnati a kan aljihun mai saye take sauka? Rashin wutar lantarki laifin ɗalibi ne? Harajin da jihohi ke ɗora wa mai shimfiɗa waya, mai sayar da ƙosai ce ta ƙaƙaba shi? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma miliyoyin mutane ko shi ba sa samu. Gwamnatin da ta rubuta a tsarinta na 2020 zuwa 2025 cewa za ta sauƙaƙa data ta kuma kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, ita ce ta sa hannu a kan ƙarin a shekarar cika alkawari.

Abin takaicin ya fi fitowa fili a ranar jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Ɗan ƙauyen da bai taɓa zama gaban allo ba sai ranar, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya, da ɗan birnin da ya girma yana danne-danne, wai su ne aka ce su yi tsere. Sau da yawa shagon da ake zagi shi ne wuri na farko da ɗan talaka ya fara sanin cewa na'ura tana bin umarninsa.

Saboda haka kirana uku ne. Hukumomin tsaro su riƙa bayyana sakamakon duk binciken harin da ya faɗa kan farar hula, a faɗi wanda ya ba da umarni da hukuncin da aka yi masa, a biya diyya a bainar jama'a, domin hisabi ne kaɗai ke tuna wa mai kallon allo cewa ɗigon da yake gani uban wani ne. Gwamnati ta sauke wa kamfanoni nauyin haraji da na wuta, sannan ta tilasta musu sauke wa jama'a farashi, a ware data mai rahusa ga ɗalibai, a yi amfani da asusun da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada don kai sabis ƙauyuka. Iyaye kuma su daina tsayawa a tsinuwa: su ƙayyade lokacin wasa, su tambayi yaro yadda aka yi abin da yake bugawa, su tura shi inda zai koyi yin nasa.

Jiya da yamma na ga wani yaro a shagon, janareta ya mutu, ya kwance abin sarrafa wasan da ƙaramin sukundireba yana gyara wayar da ta tsinke a ciki, sauran yara sun kewaye shi suna jira. Dattawan suna kan tabarma suna ta faɗa, babu wanda ya waiwaya ya dube shi.