Mutanen Zango, mu je mu ga taswirar unguwarmu!

Jama'ar Nima, Mamobi, Kokomlemle da Niyu Tawun, iyaye da 'yan'uwa, wa a cikinmu ya taɓa ganin taswirar da ke nuna yadda unguwarsa za ta zama nan da shekaru goma? Wa ya san inda za a bi da titi, ko lungun da za a faɗaɗa? Yawancinmu ba mu jin labari sai ranar da ma'aikata suka zo da jan fenti suka rubuta a bango cewa a dakatar da gini. A ranar kuwa magana ta riga ta ƙare.

A 2016 Gana ta yi doka mai lamba 925 kan tsara amfani da ƙasa. Dokar ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin tsara yankinta hawa-hawa, daga babban tsarin gunduma har zuwa taswirar unguwa, wadda ke nuna fili-fili: nan gida, nan kasuwa, nan hanyar ruwa. Da wannan taswira kwamitin tsare-tsare ke ba da izinin gini ko ya hana. Dokar ta ce a ji ta bakin mazauna, kuma a tanadi ɗakin da kowa zai shiga ya duba takardun. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba.

Uzurin nisa ma ya faɗi. Da can sai mutum ya bi layi a babbar majalisar Ankara. Tun 2018 majalisar Ayawaso ta Gabas tana Nima, ta Arewa tana kula da Mamobi, ga ta Tsakiya a Kokomlemle tun 2019. Tafiyar ƙafa ce.

Ku tuna daren 3 ga Yuni, 2015. Ruwa ya cika shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta tashi a gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ruwan da ke gangarowa ta babbar kwatar Nima zuwa kogin Odaw ba ya tambayar gidan waye. Idan an yi gini a kan hanyarsa, an cika kwata da shara, ɗakunanmu zai shiga. Aikin magance ambaliya na GARID da Bankin Duniya ya ba wa dala miliyan 200 a 2019 ya sa Nima cikin unguwannin da za a gyara. Wa ya tambayi matan da ke kwashe ruwa daga tsakar gida kowace damina inda ya kamata a fara?

Abin da ya fi damuna shi ne filin kansa. Muna zaune a tsakiyar birni, kusa da Kanda da filin jirgi, kuma masu kuɗi sun gani. Dubi yadda gidajen Kokomlemle ke komawa ofisoshi. Gidan gado da ba shi da takarda, magada goma suna jayayya a kansa, shi ake fara ɗauka.

Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Sarakunan Zango, ku kira asambiliman ya kawo taswirar gaban jama'a. Matasan da suka yi boko, ku karanta wa iyayenku ita da Hausa, layi-layi. Magajiyoyi da 'yan kasuwar Nima, ku cika zauren majalisa ranar taro, ku nemi a rubuta buƙatunku: kwata mai murfi, lungun da motar kashe gobara za ta iya shiga, filin makaranta da ba za a sayar ba. Ku karɓi kwafin abin da aka rubuta, ku tambayi ranar zama na gaba, ku dawo da maƙwabtanku.