HAƘURI A FAGEN DAMBE

A wannan mako za mu yi magana da samarinmu masu sha'awar wasanni, waɗanda suke zaton ƙarfin damtse shi kaɗai ne ke kai mutum ga nasara. Misalinmu kuwa shi ne marigayi Muhammad Ali, ɗan damben nan na Amurka.

A shekarar 1967 aka kira shi aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya ce addininsa bai yarje masa ba. Saboda haka aka ƙwace masa kambun duniya, aka hana shi dambe har shekara uku da rabi, alhali kuwa yana tsakiyar ƙuruciyarsa. Da ya komo, Joe Frazier ya rinjaye shi a 1971, Ken Norton kuma ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Mutane da yawa suka ce ai tasa ta ƙare.

Ran 30 ga Oktoba, 1974, a birnin Kinshasa, ya kara da George Foreman. Ali yana da shekara 32, Foreman 25, ba a taɓa cinsa ba cikin karawa 40. Frazier da Norton ɗin nan da suka ba Ali wuya, Foreman ya gama da kowannensu tun a turmi na biyu.

To, me Ali ya yi? Da ya ga ba zai iya ƙarfi da ƙarfi ba, sai ya jingina da igiyoyin da suka kewaye fagen, ya kare fuskarsa, ya bar Foreman yana ta kai naushi cikin hushi. Lalle ya sha duka a haƙarƙari, amma bai yarda zafin dukan ya ɗauke masa hankali ba. Yana ramawa jefi-jefi, yana lura da numfashin abokin karawarsa. Da aka kai turmi na takwas, hannuwan Foreman suka yi nauyi, Ali ya taso masa, ya kai shi ƙasa.

Watau haƙurin da muke nufi ba zaman jiran tsammani ba ne. Ya ƙunshi sanin iyakar ƙarfinka, da jure wuya da gangan, da danne zuciya har lokacin da ya dace ya zo. Wannan ya yi daidai da abin da malamanmu suke karantarwa daga Manzon Allah (SAW), cewa mallakar kai yayin hushi ta fi iya ka da mutane a kokawa. Ba kuwa muna cewa a kwaikwayi Ali a kome ba ne, don yawan cika bakinsa ba abin koyi ba ne.

Shi kansa Foreman ya ɗauki darasi. A 1994, yana da shekara 45, ya kara da Michael Moorer. Ana gabansa da maki, bai ruɗe ba, sai a turmi na goma ya sami sa'a ya maido da kambun da ya rasa shekara 20 baya.

Don haka, ya kai ɗan wasa, ran da alƙali ya yi maka hukuncin da ba ka so, ko aka fara cinku tun da wuri, a ranar ce za a san ko ka horu. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.