Keita: Wa zai gyara abin da iyaye mata suka gina?

A 1984, cikin tsananin fari, aka ƙaddamar da Shirin Keita a jihar Tahoua, da kuɗin Italiya da kulawar FAO. Maza sun tafi bida, mata suka fi jera duwatsu da dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. Fako ya zama gona.

Sai dai madatsar ruwa ba ta yashe kanta, kuma kowace damina na kwashe duwatsu. Tun juyin mulkin 2023 tallafin waje ya ragu. Ya rage ga Adarawan Abijan da Legas, masu haɗa kuɗin gina masallatai a gida, su ware wani kaso don gyara. In aikin ya lalace, kuɗin da suke aikowa a sayen hatsi za su ƙare.