Lambar yabo ba ta magana, takarda ce bakinta

A gidaje da yawa na zangunan Kumasi, Tamale da Nima akwai tsohuwar adaka da kaka ya bari. A cikinta akan tarar da lambobin yabo da suka dushe, da takardar sallama daga soja wadda gara ta ci gefenta. Jikoki sukan adana ƙarfen su yi watsi da takardar, alhali takardar ce ta fi daraja.

Lambobin da Ingila ta raba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da sunan mai su. Na Yaƙi na Biyu kuwa, irin su Tauraron Bama, ta raba su babu suna. Da zarar an raba lambar da takardarta, to ta zama ta kowa. Ga shi kuma Turawa sukan rubuta soja da sunan garinsu ko ƙabilarsa: wane Kano, wane Moshi, wane Fulani. Masu suna ɗaya ba su ƙirguwa, lambar aikin da ke kan takarda ce kaɗai ke bambanta su.

Dubi Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wadda Hausa ce harshen barikinta. Shi ake ɗauka sojan Birtaniya na farko da ya yi harbi a Yaƙi na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, daga baya ya sami lambobin jarumta biyu a Gabashin Afirka. Dubi Chari Maigumeri, wanda ya yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma sojan Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953. Mun san waɗannan biyu ne don an rubuta labarinsu. Dubban abokan yaƙinsu sun ɓace.

Masu tara irin waɗannan kayan a Turai sun gane haka. Sukan biya kuɗi mai tsoka a wurin gwanjo idan lamba ta zo da takardunta, sannan su bi sawun mai ita a ma'ajiyar tarihi ta Kew da ke Landan. Ba na ɗora musu laifi su kaɗai, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke sayarwa.

Wani zai ce ai bayin mulkin mallaka ne, me za a adana? Amsar tana mararrabar Christiansborg a Accra, inda ran 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna tafiya neman haƙƙin da aka yi musu alkawari. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin Ghana. Takardar da ta shaida jarumtar soja ita ce kuma shaidar bashin da ba a biya shi ba.

Saboda haka a buɗe adakar nan. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a ajiye ta tare da lambarta nesa da laima, a tambayi tsofaffin gida ainihin sunan mai ita da na mahaifinsa, a rubuta tun suna raye.