Martani: Littattafan Soyayya Ba Shirme Ba Ne

Wani marubuci ya rubuta a jarida wai littattafan soyayya na Kano shirme ne, ba adabi ba. Da alama ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba.

To, ya nemi "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. Wace unguwa ce babu irin Rabi? A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya.

Matan da ke karanta shi a tsakar gida, tukunya na kan murhu, rayuwarsu suke gani a ciki. Malam ya karanta tukuna kafin ya yanke hukunci.