Zikiri a Kan Dandamali: Wa Ke Zaɓe a Bikin Fas?

Jama'armu sun san birnin Fas na Maroko da ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani da Jami'ar Ƙarawiyyin. Turawa kuwa sun fi saninsa da bikin waƙoƙin addinai na duniya, wanda Dakta Fauzi Sikali ya assasa a 1994 domin kusanta mabiya addinai.

Niyyar ba abar zargi ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, shugaban shirye-shirye, mutum guda, shi ke tantance wanda zai hau dandamalin Bab Makina. A can masu bege da 'yan ƙawwali na Pakistan ke karɓa-karɓa da mawaƙan coci, 'yan kallo sun yanki tikiti suna tafi. Alhali zikiri ibada ne, yana da ladubbansa: tsarki, halartar zuciya, da majalisin da ya dace. Idan ya koma abin kallo, don wa ake yin sa?

Sikali ya kafa bikin al'adun Sufaye daban a 2007. Ko a can, ina ganin duk jadawalin da ya ƙunshi ambaton Allah ya kamata malaman Ƙarawiyyin su duba shi kafin a buga tikiti.